Na jefar da kyanwar amana, yanzu aikin Yayata na rawa

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da duk 'yan uwa masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, domin mu Hausawan Jidda ba mu da yawan da mutum zai ɓace a cikinmu, abu kaɗan zai sa a ce ai wance ce. Kuma ina roƙonku, kafin ku fara zagina ku daure ku karanta har ƙarshe. Na san wasu za su yi dariya su ce duk wannan dogon rubutu a kan kyanwa? E, a kan kyanwa. Ni kaina da bara wani ya ce mini mage za ta hana ni cin abinci, da na ce ya je a duba masa kai. Amma yau kwana huɗu ke nan ban ci abin kirki ba, saboda ranar Alhamis mai zuwa ake jira in buɗe baki in yi magana, kuma aikin yayata da iƙamarta, wato takardar izinin zamanta a ƙasar, duk suna rataye a kan abin da zan faɗa.

A Karantina aka haife ni, iyayenmu daga Sudan suka zo tun da daɗewa. Da aka rushe unguwar muka watse, ni da maigidana da yaranmu muka samu haya a Waziriyya. Sana'ata sayar da kayan gida: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, gero, ƙuli-ƙuli, yaji, duk abin da mace za ta nema in tana marmarin tuwo. Mai gidan hayar ya ba ni wani ɗan ɗaki a saman bene, shi na mayar sito. To ɓerayen wannan gida, ban taɓa ganin marasa kunya irinsu ba. Ka shigo su dube ka, su ci gaba da abin da suke yi. Na sa tarko, suka cinye abin tarkon suka bar mini tarkona. Guba kuwa ba zan sa ba a inda abincin mutane yake. Kada wani ya ce me ya hana ni kamo kyanwar titi, ga su nan birjik a kowane lungu na Jidda. Na kamo har sau biyu. Ta farko ta cinye mini busasshen kifi ta kama gabanta, ta biyu ta haihu 'ya'ya biyar a kan buhun gero ta hana ni ma shiga ɗakin.

Ina da yaya mace guda ɗaya, ita ta riƙe ni bayan rasuwar Innarmu, ita ta aurar da ni. Har yau Auta take ce mini, ni kuma Yaya. Shekararta goma sha shida tana aiki a gidan wata Balarabiya a arewacin gari, zan kira ta Madam. Madam ce kafilarta, wato a ƙarƙashin sunanta take zaune a ƙasar. Yaya ta raini 'ya'yan gidan, yanzu tana rainon jikoki, kowa Dada yake kiranta, mukullan gidan gaba ɗaya a hannunta suke. Mijin Yaya ya rasu, da wannan aikin take riƙe da marayunta. Mace ce da ba ta ƙarya ko a wasa, kuma ba ta rantsuwa. In ka matsa mata sai ta ce, "Na faɗa maka, ka yarda ko ka bari." Ita Madam kuma ba ta da wani zance a duniya sai na kyanwoyi. Ita da ƙawayenta suna da wani gida da suke tara waɗanda aka tsinta a titi ko aka jefar, su yi musu magani, su nema musu masu riƙo.

Wata Juma'a Yaya ta zo ta same ni ina tankaɗe garin kuka ina ta masifa ni kaɗai. Na ce, "Yaya, ba za ki roƙar mini Madam ta ba ni guda ɗaya cikin magunan nan nata ba? Kin ce an yi musu allura, an yi musu aikin hana haihuwa, ai irinsu nake nema." Ta ce, "Auta, waɗannan ba irin namu ba ne. Su a wurinsu bissa kamar ɗa take. In za ki karɓa, a cikin gida za ta zauna tare da ku, in ya so ki riƙa hawa da ita sito da rana ta ɗan zaga. Za ki iya?" Na ce me zai hana, kyanwa ce fa ba amarya ba. Ta ce, "Kuma kada in ji kin ambaci ɓera a gabanta." Na ce na ji.

Ranar da muka je gidan sai da raina ya ɓaci tun daga ƙofa. Sanyin mukayyif, wato AC, ko'ina, kowace kyanwa da gadonta, da kwanonta, da sunanta a rubuce. Kowace da littafinta mai hoto, an buga hatimi a ciki. Ni da aka haifa a garin nan iƙamata ta mutu ana ta faman gyara, amma ga mage da takardunta cif-cif. Na tuna lokacin rusau, muna ta ɗaure katifu muna neman motar kwasar kaya, na ga wasu mata da keji suna bin kangaye suna kiran "bis, bis". Ban ce sun yi laifi ba, aikin lada ne. Amma ranar na ji takaici, kuma a gidan nan ya sake taso mini. Madam ta zaunar da ni ta shiga jero tambayoyi kamar auren 'yarta na zo nema. Tagoginku akwai raga? Wa zai kula da ita in kin yi tafiya? Mijinki ya yarda? Me ya sa kike son bissa? Na ce yara ne suke so, kuma ni ma tun ina ƙarama nake ƙaunarsu. Allah Ya yafe mini, a nan ƙarya ta fara.

Na zaɓi wadda ta fi kowace girma, wata ja mai faɗin fuska, wai sunanta Basbusa. A raina na ce ɓera in ya ga wannan ko bai mutu ba zai yi hijira. Madam ta yi murna har da ƙwalla, ta ce an daɗe ba wanda ya dube ta, ta shiga dogon bayani a kan tarihinta da abin da masu ita na farko suka yi mata. Ni kuwa "aiwa, aiwa", wato to, to, kawai nake cewa, hankalina yana kan buhunan gero. Aka kawo takarda. Da yake iƙamata ba ta aiki, Madam ta ce ba komai, a rubuta sunan Dada, ai Dada ta fi mata takarda. Yaya ta sa hannu. Sharuɗɗan su ne: kyanwa ba za ta fita waje ba, ba za a ba wani ita ba, zan riƙa turo bidiyonta duk mako, kuma in na ga ba zan iya ba in mayar da ita, ba wanda zai tambaye ni dalili. Ta ƙara da cewa akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa da aka sa mata ƙarƙashin fata, shariha suke ce masa, in ta ɓata da shi ake gane mai ita. Wannan ma na ji shi ne da kunne ɗaya. A mota Yaya ta riƙe hannuna ta ce, "Amanar Madam ce, kuma sunana ne a kai."

Kwana uku ta yi a falo na kai ta sito na rufe. Maigida ya ce shi ba zai riƙa cin tuwo da gashin mage ba, ni ma dai ba don falo na ɗauko ta ba. Anti, wannan baiwar Allah ba ta san me ake kira ɓera ba. Abincin leda kawai take ci, in na ba ta sauran shinkafa da miya sai ta shinshina ta dube ni kamar na zage ta. Wata rana da hantsi na buɗe ƙofa na tarar da wani ƙaton ɓera ya sa kai cikin kwanonta yana cin abincinta, ita kuma tana can saman kanta ta takure tana kallonsa. Na ɗauko ta da haushi na dangwarar da ita gabansa, ta sa kuka ta maƙale mini a jiki. A nan na lura ba ta karce ni ba. Na kama ƙafarta ta gaba na matsa, babu farce ko ɗaya, ɗayar ma haka. Ashe abin da Madam ke ta bayani ke nan ina cewa aiwa: masu ita na farko sun sa an cire mata farata don kada ta yaga musu kujeru, da suka gaji da ita suka yar. Duk kyanwoyin da ke gidan nan, sai na je na zaɓo wadda ba ta da makami. Wa zan gaya wa wannan bai yi mini dariya ba?

Na san abin da za ku ce, me ya hana ni mayar da ita tunda an ce ba tambaya? Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan safe da yamma. Girman kai ne da kunya, ba wani abu ba. Wata biyu a ɗakin saman bene cikin zafin Jidda, kyanwar da ta saba da mukayyif ta rame, gashin wuyanta ya fara zuba, fatar ta yi ja. In zan ɗauki bidiyo sai in sauko da ita falo, in goge ta, in juya ɓangaren da bai lalace ba. Yaya zan ɗauke ta a haka in miƙa wa Madam a gaban Yaya? Da wane ido? Ina jin muryar Yaya tun kafin ta yi magana, "Auta, ban gaya miki ba?" Kuma in faɗi gaskiya, ba na son kallon da matan gidan nan za su yi mini, kallon nan na ai dama mun san irinku. Sai na yi ta ɗagawa, gobe, jibi, bari gashin ya fito tukuna.

Abin da ya ƙarasa ni, wata mata ce ta ba ni aikin yajin jego da garin kunu na 'yarta da ta haihu. Kwana biyu ina daka ina tankaɗe, na ƙulla komai tsaf na ajiye a sito. Ranar da za a zo ɗauka na hau na tarar an huda ledojin, gari ya watse, kashin ɓera a ciki kamar an barbaɗa. Basbusa tana kwance a gefe tana lasar jikinta. Matar ta wanke ni tas a waya, ta ce dama an gaya mata kayana ba tsabta, kuma kun san yadda magana ke yawo a cikinmu. Na zauna a ƙasa na yi kuka, sannan na tuna yadda Innarmu take yi a Karantina. In kyanwa ta fitine ta ba ta dukanta, ba ta kashe ta, ta ce alhaki ne. Buhu take sa ta, a kai ta can nesa inda akwai abinci a sake ta, ta nemi rabonta. Haka kowa yake yi a wurinmu, ba wanda ya taɓa kiran wannan laifi. Na ce to ina ya fi kasuwar kifi abinci?

Ga inda na fi jin kunyar faɗa. Da a ce cikin fushin nan na ɗauke ta, da na ce shaiɗan ne. Amma sai da na kwana. Washegari na sauko da ita falo na ɗauki bidiyo har guda takwas, ina canza zanen kujera, ina canza labule, ina canza mayafina, don a ga kamar ranaku daban-daban ne. Wanda ya yi wannan zai ce idonsa ne ya rufe? Da yara suka tafi makaranta na sa ta a buhun shinkafa na ɗaure. A matakala muka haɗu da harisin gidanmu, wato mai gadi, wani dattijo ɗan Yaman da kowa ke ce wa Ammu. Shi yake taya ni hawa da buhuna sama ba ya karɓar komai. Ya miƙo hannu zai karɓa kamar kullum, sai buhun ya motsa ya yi kuka. Ya janye hannunsa, ya dube ni, ya ce a hankali, "Haram, ya binti." Na ce asibiti zan kai ta. Ya matsa na wuce.

Maigida yana da motar kai kaya, shi ya kai ni. Muka tsaya bayan kasuwar kifi wajen da ake zubar da ƙaya da kawuna, na kwance buhun. Na zaci da gudu za ta fita. Ba ta gudu ba. Ta fito ta zauna, ta dubi hayaniyar, ta dube ni. Kyanwoyin wurin, wasu ramammu masu yagaggun kunnuwa, suka fara ɗago kai. Na juya, ta biyo ni tana kuka. Maigida ya ce, "Yalla, shigo mu tafi, ina da kaya a Kurayyat." Na shiga na rufe ƙofa. Duk hanya ina gaya wa kaina ai ba kulle ta na yi ba balle a ce na hana ta abinci, sakinta na yi a inda kifi yake. Amma na san ba ta da farce. Na sani sarai lokacin da nake kwance buhun. Yara na ce musu ta gudu, suka yi kukansu suka manta.

Mako shida ina tura bidiyon nan ɗaya bayan ɗaya. Madam tana turo mini hoton zuciya da addu'a, har ta aiko Yaya da buhun abincin kyanwa da wani ɗan gado mai laushi. Ranar na ce wa Yaya kyanwar tana sama tana barci, ita Yaya kuma ƙafarta tana ciwo ba ta iya hawa bene, sai ta ce a gaishe ta. Na karɓi kayan na tura ƙarƙashin gado. Na ɗauka in bidiyon suka ƙare zan ce ta yi rashin lafiya ta mutu, a yi jaje a wuce wurin. Ban san akwai masu zuwa kasuwar kifi da safe suna ba kyanwoyi abinci ba. Su suka tsince ta a ƙarƙashin wata mota, ido ɗaya ya fashe, bayanta duk cizo, ba ta iya tsayuwa. Suka kai ta asibitin dabbobi, aka ɗora mata na'ura a wuya, sai ga sunan Yaya da lambar iƙamarta. Wani mai sayar da kifi ya gaya musu ta fi wata guda a wurin.

Ranar Asabar ina cikin wanki Yaya ta kira. Ba ko sallama ta ce, "Auta, ina Basbusa?" Na ce tana barci. Ta ce, "Kunna kyamara ki nuna mini ita." Sai na fashe da kuka na ce ta ɓata tun kwanaki, na neme ta lungu-lungu ban gan ta ba, tsoro ya hana ni faɗa, shi ya sa nake tura tsofaffin bidiyo. Yaya ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Wannan kin yi wauta, amma wauta ce ta tsoro. Abu ɗaya zan tambaye ki. Daga Waziriyya zuwa kasuwar kifi kyanwa ba ta zuwa da ƙafa, ɗaukarta aka yi a mota. Ke ce?" Anti, ga ƙofa a buɗe, da na ce ni ce da yanzu an wuce wurin ko da wuya. Bakina ya riga ni, na ce, "Wallahi Yaya ba ni ba ce." Ta ce, "Halas, ya ishe ni."

Abin da ban sani ba, tana ajiye waya ta yi alwala, ta ɗauko Alƙur'ani ta dafa a gaban Madam ta rantse cewa ƙanwarta ba ta jefar da kyanwar nan ba. Yaya, wadda tunda nake ban taɓa jin wallahi a bakinta ba. Ita da kanta ta gaya mini, har tana cewa, "Ban taɓa yi ba sai a kanki, don na san abin da na raina." Madam ta ce zancen bidiyo ta bar shi, amma sai ta san wanda ya ɗauki dabba marar farce ya kai ta cikin na titi. Ta ce in ya tabbata daga gidan su Dada ne, to ita ba za ta iya ci gaba da barin jikokinta da mukullanta a hannun mutanen da suka dube ta suka yi mata ƙarya ba, Yaya ta nemi wani kafilin. Iƙamar Yaya wata mai zuwa za a sabunta. Mace mai shekarunta da ciwon gwiwa, wa zai ɗauke ta yanzu? Marayunta fa? Shi ne Madam ta ce in zo gidanta ranar Alhamis bayan la'asar in yi mata bayani baki da baki.

Ina jin haushi, ba zan ɓoye ba. Ina jin haushin Madam, shekara goma sha shida mace ta tsufa a ɗakin girkinki, ta goya 'ya'yanki, a ce duk za a ɗora a sikeli ɗaya da mage? Ina jin haushin maigida da ya tuƙa motar da hannunsa, yanzu yana cewa shi dama bai so aka kawo ta ba. Ina jin haushin ɓerayen, har yau suna nan suna cin kayana. Amma in na gama zagaye sai in dawo kaina, domin ba Madam ce ta ɗaure bakin buhun ba. Kuma in na yi wa kaina adalci, ba don kyanwa kaɗai take fushi ba. Ta ce takarda ba ta dame ta ba tunda Dada ta tsaya mini, ni kuma na mayar da tsayawar Dada abin wasa.

Maigida ya kawo tasa dabarar. Ya ce, "Ki ce Ammu ne. Kowa ya san yana korar maguna da tsintsiya daga matakala. Ki ce ta sauko ya kama ta ya ba wani direba." Abin takaicin, Yaya ma tunaninta ya tafi can, ta ce ta taɓa ganinsa yana korarsu, har ta faɗa wa Madam, Madam ta ce in shi ne za ta samu mai gidan hayar kuma za ta kai ƙara. Na ce wa maigida, "Mutumin nan fa ya gan mu da buhun." Ya ce, "To sai me? Wa zai yarda da shi a kanki? Faɗa kawai za a yi masa." Ba faɗa kawai ba ne, na san mai gidan hayarmu, ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma, ranar zai sallame shi. Tsoho ne, ɗan ɗakin ƙarƙashin matakala shi ne duk abin da yake da shi a garin nan. Mako shida ya san abin da na yi bai gaya wa kowa ba, kullum da safe sai ya gaishe ni ya tambayi yara. Jiya ma shi ya hau mini da buhun gero. In rufa wa Yaya asiri da bayan wannan bawan Allah? In kuma na faɗi gaskiya, na tabbatar wa Madam daga gidanmu ne, na nuna rantsuwar Yaya a kan ƙarya ta tsaya, har zancen ɓera zai fito a ce ita ma ta sani. Ko Madam ta yafe mata, ni Yaya za ta sake kallona da idon da?

An sallamo Basbusa daga asibiti, tana gidan Madam, kuma Yaya ce aka ba jinyarta, ita ke ɗiga mata magani sau uku a rana. Ɗazu da azahar ta kira ni ta bidiyo, ta ce in ga yadda jikin yake. Ban so ba, amma ba yadda zan ƙi. Ta juya wayar, ga ta kwance a kan tawul, an aske rabin jikinta, an ɗinke gurbin idon. Na ce, "Sannu, Basbusa," don dai in ce wani abu. Kunnenta ya motsa. Ta ɗago, ta miƙe da ƙyar, ta jawo ƙafa har gaban wayar, ta shiga goga fuskarta a jiki tana wannan gurnanin nasu na jin daɗi. Yaya ta sa ihu tana kiran Madam, "Ta'ali, zo ki gani! Tun da aka kawo ta ba ta tashi don kowa ba sai da ta ji muryar Auta. Dabba ba ta munafunci, da ita ta jefar da ita za ta yi mata haka?" Madam ta leƙo, ta daɗe tana kallo, na ga tana share ido, ta ce, "Sai Alhamis, in sha Allah." Da ta fita Yaya ta juyo da wayar, fuskarta duk hawaye tana dariya, rabon da in ga haka tun kafin rasuwar mijinta. Ta ce, "Kin ga Allah Ya kawo mana shaida. Kada ki ji tsoron komai, Auta. Ki zo ki faɗi gaskiya kawai, ai ita muke da ita."

Na ce to, Yaya.

Jama'a, saura kwana biyu. Me zan yi?